Tayi Ɗaya Aka Yi Mini, Na Ƙare da Tura Babur

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka, ina yi maka sannu da fama da jama'a a wannan marra da kowa yake ji a jikinsa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sunana Malam Tasi'u, mazaunin Gidan Marke, malamin aji biyar a firamaren Kwarin Ɗinya. Ni ne wanda ka aiko wa takardar tuhuma a makon jiya, kana neman in faɗi dalilin da ya sa ba a gan ni a makaranta ba ranar Talatar da mai duba makarantu ya je. Sau biyu ina zuwa ofis da amsata a aljihu, sau biyu masinja yana ce mini ka fita taro. Kowane zuwa lita guda yake ci mini, kuma ba ni da ta uku. Shi ya sa na rubuto a fili inda kowa zai karanta, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amsar a taƙaice ita ce mai ne ya ƙare mini a hanya. Amma ranka ya daɗe, ba ranar Talata tankina ya fara ƙafewa ba. A ofishinka ya fara, wata bakwai da suka wuce, kuma a gabanka. Ka yi haƙuri ka bi ni daki-daki.

1. Daga Gidan Marke zuwa Kwarin Ɗinya kilomita goma sha tara ne, hanyar burji da ta ratsa gonaki. Shekara shida muna bin ta tare da Malam Sabo, maƙwabcina kuma abokin aikina. Abokin yayana ne tun suna yara, ya girme ni da shekara huɗu, don haka Yaya nake kiran sa. Babur nawa ne, mai kuwa karɓa-karɓa muke yi: wannan mako shi, mako mai zuwa ni. Da aka cire tallafin man fetur, kuɗin lita ya yi tsalle albashi yana zaune inda yake, sai muka zama gwanayen tattali. Mun san gangaren da ake kashe inji a bar babur ya tafi da kansa. Mun san yashin da Yaya Sabo zai sauka ya taka da ƙafa don kada injin ya yi ta gurnani a banza. Da wahala, amma da yake mu biyu ne, wata yana kai mu wata.

2. Ni na fara jin cewa gurbi ya samu a firamaren Gidan Marke, makarantar da matata Hajara take jin ƙararrawarta daga madafi. Kafin nan sau biyu ina rubuto takardar neman a dawo da ni gida, kuma duka biyun suna cikin fayil ɗina. Da bakina na ba Yaya Sabo labarin, ina tuƙi ina waiwaye, kuma a bayan babur ɗina ya zo ofishinka ranar da ka kira mu. Ka dube mu ka ce gurbi ɗaya ne, mu kuwa mu biyu ne, wa za a ba? A gabansa ka tambaye ni.

Me kake so in ce? Na faɗi abin da duk ɗan da aka yi wa tarbiyya a ƙasar nan zai faɗa. Na ce, ranka ya daɗe, ai ga Yaya, shi ne babba. Haka aka koya mana tun muna cin tuwo a akushi ɗaya: in tsoka ɗaya ta rage, ƙarami ya tura wa babba, babba ya turo masa ya ce a'a, kai ci. A tura, a turo, sannan wanda ya fi kowa girma a wurin ya raba gardama. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji ya ce Tasi'u ne ya fara nema, shi ke da ƙananan yara. Har na shirya fuskar da zan karɓa da ita. Sai na ji ya ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka, Tasi'u." Kai kuma ka ɗauki biro ka rubuta sunansa. Duka abin bai kai tsawon shan ruwa a moɗa ba. Na goyo shi muka dawo gida, kuma makon nan ni ke da sayen mai.

Ƙorafina a nan yake. Kai ɗan ƙasar nan ne, ba baƙo ba. Ka san amsar farko kara ce, ba amsa ba ce. In baƙo ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake, babu matar gidan da take ɗauke kwano daga gabansa, sai an sake yi masa tayi, an kuma sakewa. Ni tayi ɗaya ka yi mini, alhali takarduna biyu suna ƙarƙashin hannunka, shi kuwa ko ɗaya bai taɓa rubutawa ba.

3. Yanzu zan faɗi abin da ba a saba rubutawa a takardar ofis ba. Ina ƙyashin Malam Sabo. Ina kwana da shi, ina tashi da shi. Na san haramun ne, ni da kaina nake koya wa yara cewa hassada tana cinye lada, na yi istigfari har na gaji, amma abin yana nan daram a ƙirjina.

Ka duba ka gani. Bayan sallar asuba ina fama da kunna babur, shi yana zaune a dakalin masallaci da rediyonsa, sai ya ɗago hannu ya ce mini a sauka lafiya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai rana ta fito sosai yake takawa zuwa makaranta, farar rigarsa fes, ba jar ƙasa ko ɗigo. Lokacin tara yana zuwa gida ya sha kokonsa da zafi ya koma. Kuɗin da yake zubawa a tankina yanzu injin ban ruwa yake sha a fadama. Tumatirinsa ya yi kyau, ya je kasuwar Ɗanbatta ya dawo da tunkiya da 'ya'yanta biyu, kumatunsa sun ciko. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, to bana Yaya Sabo ba ya buƙatar sayen taki, ni kaɗai na ishe shi.

Abin da ya fi ci mini rai, 'yata Zainab a ajinsa take. Ina dawowa da la'asar a gajiye, ƙugu kamar ba nawa ba, sai ta tare ni da Malam Sabo ya ce kaza, Malam Sabo ya koya mana kaza. Hajara ta ce in daina bi ta gefen fadamarsa in zan je gona, domin duk ranar da na bi ba na cin tuwon kirki. Gaskiya ta faɗa, amma ban daina ba.

4. Sai ranar Talatar da kake tambaya. Ranar Litinin da yamma abin da ke aljihuna bai kai cikon kwalba ba a wurin 'yan bumburutu, aka zuba mini abin da ya samu. Na yi lissafi irin namu na masu babur: in na kashe inji a gangare biyu, zan isa makaranta, dawowa kuma Allah ya san yadda zai yi da bawansa. Sai ga garken shanu a tsakiyar gangaren farko. Dole na taka birki, gudun da na tara ya tafi a banza, na sake kunna inji na hau tudu da mai. A kilomita na shida, daidai wata tsamiya, babur ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na kai hannu zan juya riza, wato ɗan man ajiya na ƙasan tanki, na tuna tun ranar Lahadi a kan riza nake. Na kwantar da shi a gefe na girgiza, na buɗe tanki na hura da baki har idona ya yi ja. Ya tashi ya kai ni kamar daga masallaci zuwa rijiya, ya sake mutuwa. Shida a baya, goma sha uku a gaba, kuma babu mai sayar da mai a tsakani. Na juya na fara turawa.

Damina ce, kowa yana gonarsa. Duk wanda na wuce sai ya dafa fartanya ya ce, Malam, yau babu makaranta ne? Hanyar shiga garinmu kuwa ta gaban firamare ta bi, ba yadda za a yi a kauce mata. Na iso bayan yara sun koma aji daga tara, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Yaya Sabo yana zaune a inuwar darbejiya yana duba littattafan yara. Da ya hango ni ya tashi, ya zaga bayan aji ya fito da jarkar man da ya saya don injinsa, ya ce, "Tasi'u, buɗe tankin in zuba maka, ka koma ka samu ko darasi biyu ne."

Daga baya na ji cewa mai duba makarantu bai bar Kwarin Ɗinya ba sai azahar. Da na buɗe tankin nan, da ya gan ni, da ba ka rubuto mini takarda ba. To me kake tsammani na ce, ranka ya daɗe? Na ce a'a Yaya, bar shi, ai na injinka ne. Ya dube ni ya ce to shi ke nan, ya murɗa murfin jarkarsa ya mayar da ita inda ya ɗauko.

Sau biyu ke nan. A wannan karon ba zan ɗora maka ba, ba zan ma ɗora masa ba. Shi mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, kuma shekara shida ina goyon sa ya kamata in san haka. Sannan in don Allah za a faɗa, rabin abin da ya hana ni karɓa kara ce, rabin kuma baƙin ciki ne. Ba man jarkarsa nake so ba, inuwar da ya tashi daga cikinta nake so. Na ci gaba da tura babur ɗina har ƙofar gida, yara suna leƙe ta taga, Zainab tana cikinsu.

5. Hedimasta ya ja mini jan biro a rajista, karo na uku ke nan a zangon nan, kuma duka ukun mai ne sanadi. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na ji an ce duk wanda takardar tuhuma take cikin fayil ɗinsa ba a duba shi in maganar canjin wurin aiki ta taso. Ga shi Malam Idi, mai aji uku a firamaren Gidan Marke, zai yi ritaya ƙarshen zangon nan. Gurbi zai sake samuwa. In wannan ma ya wuce ni, ban ga yadda zan kai baɗi a kan hanyar nan ni kaɗai ba. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da alli, kuma ban iya wata sana'ar ba bayan noman da bai isa ci da gida ba. Yaran Kwarin Ɗinya su ma sun cancanci malamin da zai iso musu a kan lokaci, ba wanda yake shiga aji yana tunanin ɗigon da ya rage a tanki ba.

Saboda haka ina roƙon ka, da girman Allah da girman kujerarka, ka karɓi wannan a matsayin amsar tuhumata, ka sa a cire takardar daga fayil ɗina. Ina roƙon ka buɗe fayil ɗin ka ƙirga takardun neman dawowa gida, ka haɗa da wannan su zama uku. Ina kuma roƙon ka, don na baya, kada ka sake tambayar ƙarami abin da yake so a gaban babbansa. Ka kira kowa shi kaɗai, ko ka bar takardu su yi magana.

Ban ce a taɓa Malam Sabo ba. Zuciyata ta so in rubuta haka, na hana ta, domin yana koyar da 'yata da kyau, wanda shi ma wani abin haushin ne.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ka da sharrin masu hassada, har da irin tawa. Allah ya kawo mana sauƙin rayuwa, ya sa tankin kowa ya kai shi gida.

In ranar ta zo ka sake tambaya wa za a ba, na san halina, ina iya sake sunkuyar da kai in nuna na kusa da ni. Don haka kada ka saurari bakina. Ga amsata nan tun yanzu, da hannuna na rubuta, kuma duk garin ya gani: ni za a ba, ranka ya daɗe. Ina so.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Tasi'u,
Gidan Marke.