Ba Keken Ba Ne

Litinin, 3 ga Maris
Ciwon bayan nan ya sake tashi. Ba irin ciwon gajiya ba ne. Zugi ne mai ƙuna, daga tsakiyar baya ya zagayo haƙarƙari, kamar an ɗaure ni da tef ɗin awo an ja. Maigida ya ce keken ɗinki ne. Na ce i, keken ne.

Alhamis, 6 ga Maris
Maigida ya rage ƙafafun kujerata da zarto, wai ta yi tsayi. Yanzu ga gajarta ga rawa. Bawan Allah! Na yi dariya har abin ya soke ni.

Talata, 11 ga Maris
Shekara biyu ke nan da cire min nono. A gidan nan ba a kiran sunan cutar, sai dai "wancan abin", kuma kowa ya yarda ya wuce. Ni kaɗai na ji abin da likita ta ce ranar sallama: "In kika ji sabon ciwo a baya, ko ƙafa ta mutu, kar ki jira. Cutar kansa takan koma ƙashin baya."

Asabar, 15 ga Maris
Auta ta kira daga makaranta. Jinyata ta ci mata shekara guda, yanzu saura kaɗan ta gama. "Umma, ya na ji muryarki haka?" Na ce mura ce. In na buɗe baki, gobe za ta haɗo kayanta. In na yi shiru kuma... Ta ina zan bi?

Laraba, 19 ga Maris
Kwanciya ta fi zama azaba. Tsoro nake ji, wallahi.

Litinin, 24 ga Maris
Ina ɗinka wa Auta rigar ranar kammala karatu, sai na ga allura tana gudu ta bar layi. Ƙafata ce ke taka keken, ni ban ji ba. Na mintsini babban yatsa. Ko alama. Maigida ya leƙo: "In kawo miki matashi?" Na daka masa tsawa, bai ci ba bai sha ba.

Alhamis, 27 ga Maris
An ɗauki hoton baya. Likita ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Tun yaushe kike jin sa?" Na sunkuyar da kai. Litinin za a kwantar da ni.

Ban ce wa Maigida ya kira Auta ba. Na dai ajiye wayata a gefensa, lambarta a buɗe, na fita tsakar gida.

Rigar saura hannu ɗaya. Na ninke ta cikin jakar asibiti, da zare da allurar hannu.