Agolar da Nake Ɓoyewa a Ƙofar Tela

Gwaggo mai ba da shawara, don Allah ki cece ni. Na ɗaure kaina da igiyar da na tufka da hannuna, yanzu na rasa bakin kwancewa.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a asibiti, da aurena da 'ya'ya biyu. Babana bakanike ne, shekara arba'in yana gyaran jif na kamfani ɗaya tak, ba ya taɓa wata mota. A bangon garejinsa ya jera hotunan da ya yanko daga kalandun kamfanin, kowace mota da matsayinta kamar zuri'a. Ta farko mai rufin tamfol da kujerun da ke karya ƙugu, ita ce Kaka. Wadda aka yi wa rufin ƙarfe aka ƙara mata tsawo, ita ce Uwa. Sai 'Ya da ta zo da iyakwandishan da kujera bakwai, sai Jika mai canja giya da kanta, wadda ya karɓa da ƙyar yana ƙunƙuni. Mun haddace su tun kafin mu san sunayen kakanninmu na gaskiya. Duk wanda ya shigo garejin sai ya sha wannan tarihi, ko da hanya ya tsaya tambaya.

To, da kamfanin ya fito da 'yan ƙananan nan, waɗanda a ido jif ne amma a ƙasa ƙirar ƙaramar mota ce, sai Baba ya ce bai san zancen ba. Wai jif ta gaskiya a kan shasin ƙarfe jikinta yake zaune, kuma tana da 'yar giya ta biyu da ake ja idan an faɗa laka. Wannan kuwa ba ta da ko ɗaya. Ya raɗa mata suna Agola, tana amsa sunan gidan amma ba 'yar gidan ba ce. Hotonta a bayan ƙofa ya manna shi, inda ake rataye tsumman goge hannu.

Gwaggo, Agolar na saya, wata bakwai ke nan. Me zan yi da ƙatuwar jif, ni da babban dutsen da nake hawa shi ne tudun rage gudu na ƙofar makarantar yara? Ba ta shan mai, tana shiga lungunmu ba gardama. Amma na kasa faɗa wa Baba. Duk ranar da zan je gaishe da iyayena sai in ajiye ta a ƙofar wani tela, layi biyu kafin gidan, in ƙarasa da ƙafa, in ce tasi ce ta sauke mu a bakin titi. Yaran ma na toshe musu baki da alawa, abin kunya. Mama ta sani, na kai ta asibiti a ciki, ta ce ba ruwanta, ita dai kujerar ta yi wa bayanta daɗi. Mijina kuwa dariya kawai yake min.

Sai motar ta fara wani gurnani ta gaba idan na ɗan taka. Na kai ta wurin wani bakanike can nesa, sau biyu yana canja abu, ƙarar tana nan. Ki duba fa, 'yar bakanike ce take yawon garejin mutane kamar marainiya.

Makon jiya muna cin abincin rana a gidan su Baba, Baba bai ko dube ni ba ya ce akwai wata Agola ruwan toka da ake ajiyewa a ƙofar tela, ya ji wucewarta sau biyu, boris ɗin tayar gaba ta hagu ya mutu. Ya ce ko wane ne mai ita ba shi da mai faɗa masa gaskiya, ga takalmin yara yana gani a kujerar baya. Daga nan ya ce in miƙo masa ruwa. Na miƙa masa.

Ya sani ne, ko tsorona ne? In sayar da ita? In ce ta mijina ce? Ina ƙaunar tsohon nan, ba na so ya ji 'yar farinsa ta watsa masa ƙasa a ido.

'Yar Bakanike

'Yata,

Kafin komai, ajiye makullin nan. Motar da ubanki ya ce tayarta ba lafiya, kada ki sake ɗora jikokinsa a cikinta sai an gyara. Sauran zancen mai sauƙi ne.

Ya sani mana. Mutumin da ke gane mataccen boris da kunne, shi ne zai kasa gane takalmin jikarsa? Kuma ke kin taɓa ganin telan da ya riƙe labari wata bakwai? Tsani ya jingina miki don ki sauko ba tare da kin ji kunya ba, ke kuma kin tsaya kina kallonsa.

Sayen motar ba laifi ba ne, wadda za ta tuƙa ita ke zaɓe. Jerin da ke bangonsa ma shaidarki ne, don kowace ta fito ne saboda bukatar mutane ta canja. Na tabbata ranar da aka sa wa Uwa rufin ƙarfe, akwai tsohon da ya rantse an lalata jif. Amma shi ma ki yi masa adalci. Hotunan nan shekarun ƙarfinsa ne, kuma duk sabuwar motar da bai san cikinta ba tana gaya masa zamani na wuce shi. Laifinki biyu ne: kin sa yara cikin ƙarya, kin kuma kai motarki garejin wani. Na biyun ne zai fi yi masa ciwo.

Kada ki sayar, kada ki laƙa wa mijinki. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ki je garejin da safe, ki gaishe shi, ki sa masa makullin a hannu, ki ce Agolar ƙofar tela taki ce, tsoro ne ya hana ki faɗa, kuma ba wanda kika yarda ya taɓa ta sai shi. Ya je ya same ta inda take. Zai yi faɗa, zai kuma ɗauko tarihi tun daga Kaka. Ki zauna ki saurara har ƙarshe, shi ne ladan gyaran. Da kin koma gida ki gaya wa yaran an daina ɓoyo.

Kuma kada ki matsa masa ya ciro hoton daga bayan ƙofa. Wanda ya ƙi abu da gaske a shara yake jefa shi, ba ya neman gam ya manna shi a ɗakinsa. Allah ya kiyaye hanya, ya bar miki wannan uban mai kunne.

Gwaggonki