Auren Ƙanƙarar Babo

Minagah, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Didar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da zafin Karachi da ƙarnin kifinta. Mu nan lafiya lau, sai sanyi, shi kuma ɗan gida ne. Na koma rubuta wasiƙa ne tunda ka mai da wayarka kayan ado.

Gidan baƙina ya cika maƙil, ɗakuna bakwai har da naka. Dusar ƙanƙara ta sauko da kyau bana, mutanen Lahore sun yi mana dafifi. Da ka ga yadda suke hawa kujerun nan masu rataye a waya, suna salati har su kai ƙoli! Jiya wani mai tumbi ya ɗaura katakan zamiya a ƙafa, ya dubi mijina Niyat da ke koya musu, ya ce, "Malam, ina birkin abin nan?" Niyat ya nuna masa tulin ciyawar awakina a gindin gangara, ya ce, "Ga shi can, ranka ya daɗe. Kowa a nan yake tsayawa." A can kuwa muka tono shi, yana dariya yana neman shayin gishiri.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Kamfanin da ke da kujerun yana so ya ja sabon layi zuwa Kwazazzabon Inuwa, kuma ginshiƙi ɗaya zai tsaya ne daidai kan kogon da mahaifinmu Babo ya aurar da ƙanƙara don ta haifa wa gari ruwa. Sai sun fasa wurin da nakiya. Dattawa sun zauna, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: a watan Oktoba auren zai cika shekara goma sha biyu, lokacin da al'ada ta yarda a leƙa. Za a buɗe kogon. In ƙanƙarar ta rayu ta hayayyafa, ba mai taɓa wurin. In ta mutu, su fasa.

Ka san har ya koma ga Allah mutane suna ce masa mai aurar da ruwa. Abin yana ci min rai har yau. Kai kana cikin waɗanda suka goyo ƙanƙarar, ya kamata a buɗe a kan idonka.

Sannan ga tambayar da na daɗe ina haɗiyewa. Me ya sa kwana bakwai da saukowarku ka tattara ka bar gari?

Ka huta lafiya. Yayarka,
Gulbahar

Karachi, 20 ga Maris

Zuwa ga yayata, Baji Gulbahar,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na kuma yi farin cikin jin kuna lafiya. A gaishe min da Niyat.

Ina baƙin cikin sanar da ke cewa ba zan sami zuwa ba. Oktoba lokacin kifi ne, masu jiragen ruwa ba sa ɗaga mana ƙafa. Game da barina gari kuwa, aiki na zo nema, kamar kowa.

Baji, a masana'antar da nake aiki muna fitar da ƙanƙara tuli-tuli kafin azahar, ba waliyyi ba shaidu. Ruwa ne da inji. Ƙanƙara ba ta da namiji ba ta da mace. Shawarata ita ce a bar kamfani ya yi aikinsa ba tare da an buɗe komai ba. Sabon layi zai ƙaro miki baƙi, Babo kuma a bar shi ya huta.

Sai dai don sani kawai: a watan Agusta, ana ganin ruwa a bakin kwazazzabon? A da busasshe ne.

Naki da ladabi,
Didar

Minagah, 14 ga Agusta

Didar,

Sallama da gaisuwa, ko da yake wasiƙarka ba ta cancanci gaisuwa mai yawa ba. "Ina baƙin cikin sanar da ke"! Ni ce fa na goya ka, ba shugaban masana'antarku ba.

Na jira Agusta ne don in ba ka amsa da idona. Yanzu gangara ta zama kore shar, katakan zamiya suna jingine a rumbu. Kujerun dai ba su huta ba, masu zuwa kallon furanni suke kaiwa sama, wasu su hau doki, wasu su wuni a bakin rafi suna kamun kifin da ba ya kamuwa. Rufin kowane gida ya yi ja da 'ya'yan itacen kubani da muke shanyawa, baƙi kuma suna ɗiba suna cewa ɗanɗanawa suke yi.

A ɗakinka akwai wata injiniyar kamfani, Mehrin, wadda aka turo ta auna wurin ginshiƙin. Yarinyar nan tambaya ce da ita kamar me. Ta sa na kai ta wajen Kawu Shukur, shi kaɗai ya rage a dattawan da suka hau tare da ku. Ta ce, "Kawu, yaya ake gane namijin ƙanƙara?"

Ya ce, "'Yar nan, ba ki taɓa ganin namiji ba? Baƙi-baƙi, duk tsakuwa da datti, ba ya motsi sai an ture shi. Macen fara ce tas, ita ke ba da ruwa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "To shirun fa? Me ya sa ba a magana?"

Ya ce, "Amarya ake kaiwa. Daga inda aka saro ta har kogo, ba ta taɓa ƙasa, ba ta jin muryar mutum. In ka gaji, ka miƙa wa na kusa da kai kwandon, da ido. In aka saɓa, ta yi fushi ta narke."

Mehrin ta rubuta duk wannan a littafinta. Ta ce min ita shirun bai dame ta ba, amma gawayi da ƙaiƙayin alkama da ake lulluɓe ƙanƙarar da su, da kogon da rana ba ta shiga, wannan aikin masu hankali ne. Wallahi sai da na ji ƙwalla, don ban taɓa jin wani mai takarda ya kira Babo mai hankali ba.

Ga amsarka. Mun hau har bakin kwazazzabon, ba mu matsa kusa da kogon ba. Akwai ruwa, siriri kamar zaren saƙa, mai sanyin da ke sa haƙori tsami. Na yi guɗa. Mehrin ta ce kada in yi saurin murna, wai zai iya zama ragowar dusar bara ce ke tsiyaya a ƙarƙashin duwatsu. Ba mai sani sai an buɗe.

Yanzu kai ma ka ba ni amsa. Mutumin da ya ce ƙanƙara ruwa ce da inji, me ya haɗa shi da ruwan Agusta? Me ya sa ka fi so a fasa ba a duba ba? Kuma na tuna wani abu. Ranar nan ka fita da jar hular da na saƙa maka, mai koren zare a baki. Ka dawo da hular Babo a kanka, shi kuma kansa a buɗe. Ina hulata?

Yayarka da ba ta gajiya,
Gulbahar

Karachi, 11 ga Satumba

Baji,

Assalamu alaikum. Wannan ce takarda ta huɗu, uku na yaga.

Ni na kashe auren Babo.

Macen aka ba ni, kuma ni ne na ƙarshe a layi. A kwanar nan ta ƙarƙashin kogo, inda hanya take siriri, na ji kafaɗuna sun mutu. Da na yi wa na gabana alama da ya karɓa, amma ina ɗan shekara goma sha tara, ba na so a ce ɗan Babo Ƙurban ya gaza. Sauran suka sha kwana, ƙafata ta zame. Kwandon ya kife, ƙanƙarar ta gangara cikin turɓaya. Kuma na yi magana, Baji. Ashar na yi, da ƙarfi.

Ba wanda ya waiwayo, ƙarar iska ta rufe. Na cire hularki na goge turɓayar, na mai da ƙanƙarar cikin kwando, na hau na miƙa wa Babo ita a bakin kogo kamar ba abin da ya faru. Hular na manta ta a wurin. Ya karɓa, ya shiga shi kaɗai ya jera. Ni aka tura ni ɗibar duwatsun toshe ƙofa.

Da muka sauko aka buɗe baki, Babo ya cire hularsa ya kifa min, ya ce, "Ka yi ƙoƙari." Wannan kalmar ce ta kore ni daga gari. Shekara biyu yana shirin aikin nan, ya sayar da dokinsa saboda shi, ni kuma na ɓata shi a numfashi ɗaya, yana yi min godiya. Na kasa haɗa ido da shi. Ko ranar jana'izarsa, ba hanya ce ta toshe ba kamar yadda na ce miki. Na zo har garin Gilgit, dab da gida, na juya.

Da rana nakan gaya wa kaina camfi ne. Amma duk tulin da ya fito daga inji, sai na duba ko akwai datti a jikinsa. Ina tsoron a buɗe a tarar da gawayi da busasshen ƙaiƙayi, gari ya yi wa Babo dariyar ƙarshe, alhali laifin nawa ne.

Ki yi yadda kika ga dama da wannan maganar. In kin gaya wa dattawa, aƙalla za su san ba shi ya yi kuskure ba.

Ƙanenki,
Didar

Minagah, 26 ga Oktoba

Didar, ɗan uwana,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarka na yi kuka, sannan na yi fushi, har na ƙona burodin baƙi. Shekara goma sha biyu ba ni da ƙane saboda ashar ɗaya! Ban gaya wa kowa ba. Na ce bari kogon ya fara magana.

Shekaranjiya da hantsi muka hau, rabin gari, da Mehrin da manyanta biyu masu jan kwalkwali. Niyat ya goya Kawu Shukur a wuraren da suka yi tsauri. Ni dai na tsaya a kwanar nan taka na daɗe ina kallon turɓaya.

Samari suka fara janye duwatsun ƙofa. Na farko ya fita, na biyu ya fita, na uku ya ƙi. Suka sa ƙarfe, ya ƙi. Wani ya ce, "Kai, abin nan a manne yake!" Ƙanƙara ce ta riƙe shi. Didar, ta cika kogon, ta toshe ƙofa, ta kutsa ƙarƙashin duwatsun gangara har inda Mehrin ta gaji da aunawa. Kawu Shukur ya zauna a ƙasa yana kuka yana cewa, "Ƙurban, ka ga jikokinka!" Waɗanda suka fi kowa yi wa Babo ba'a su ne suka fi kowa kabbara, ni kuwa na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Babban mai kwalkwali ya cire shi ya sosa kai. Za a karkata layin, ginshiƙin zai koma gabas.

Sai Mehrin ta haska fitila cikin ƙanƙarar ta ce, "Baji, zo ki gani, mene ne wancan ja?"

Jar hular nan ce a ciki, zurfin kamu ɗaya, ana ganinta tar kamar ta cikin gilashi. Koren zaren ma bai koɗe ba. An ninke ta biyu, an ɗora ta da kyau a tsakiya, inda aka haɗa macen da namijin.

Na tambayi Kawu, ban nuna na san komai ba. Ya ce, "Af! Kafin a toshe ƙofa Ƙurban ya gangara shi kaɗai, ya dawo da hannu a cikin riga. Mun zaci fitsari ya je. Ba dama a tambaya, bakinmu a rufe."

Na tsaya daidai inda Babo ya tsaya yana karɓar kwanduna, na duba ƙasa. Kwanar nan tana fili kamar tafin hannu. Ya ga komai, Didar. Ya karɓi amaryar a hannunka yana sane, ya je ya ɗauko hularka ya sa musu a ɗaki, sannan ya ba ka tasa.

Ban san me yake nufi ba, kuma ba zan ƙirƙira masa magana ba. Abin da na gani na faɗa maka. Samari suna tambaya ko a fasa a ciro hular. Na ce mai ita zai yanke.

Dusar farko ta sauka a ƙoli jiya.

Yayarka,
Gulbahar

Karachi, 8 ga Nuwamba

Baji,

Wa alaikumus salam. Kada kowa ya ciro ta.

Ki fitar da baƙo daga ɗakina ranar ashirin ga Disamba. Hular Babo tana wajena, da ita zan zo, amma ta tsufa. In kina da sauran jan zare, kaina bai ƙara girma ba.

Ki ce wa Niyat ya ajiye min katako biyu, kuma kada awaki su cinye birkin.

Sai na zo,
Didar