Maganin Lyle Ba Ya Bin Gidan Waya

Yaya Delbert,

Gaisuwa mai yawa. Na san shekara tara ke nan ba ka ga rubutuna ba, tun da mijina Lyle ya sa na sayar da rabona na gonar Baba. Ba wannan ya kawo ni ba.

Lyle ya samu shanyewar ɓarin jiki a watan Maris. Magana da ƙyar, ƙwaya kuwa ba ta wuce masa maƙogwaro. Likita ya ce a haɗa masa maganin zuciyarsa na ruwa. Kantin maganin garinmu sun ce su sayarwa kawai suke yi, mai haɗawa mafi kusa kuma ya rufe bara. Tunda sana'arka ce, don Allah ka haɗa ka aiko ta gidan waya.

Ƙanwarka,
Verna

Verna ƙanwata,

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah ya ba shi lafiya, kuma har zuciyata na faɗa.

Haɗawa ba wuya, shekara arba'in da ɗaya ina yi. Aikowar ce matsala. Lasisina na jihar Iowa ne, ke kina Nebraska. In kwalbar nan ta haye kogin da ya raba jihohinmu a jakar gidan waya, na karya doka. Na kira ofishin da ke ba da izini, wata yarinya mai ladabi ta ce in cike takardu in jira. Na ce mata mara lafiyar ba ya cikin masu iya jira. Ta ba ni haƙuri, ita ma ba ita ta rubuta dokar ba.

Amma babu dokar da ta hana in miƙa miki hannu da hannu a kantina, muddin akwai takardar likita da sunansa. Sai dai maganin kwana goma sha huɗu yake yi a firji, daga nan a zubar. Ke nan duk mako biyu sai an zo.

Ki gaishe shi, in zai amsa.

Yayanki,
Delbert

Yaya,

Tafiyar awa uku ce, kuma ba ni da wanda zan bar wa shi. In zan zo, da shi zan zo, a keken guragu. Na gaya masa, ya juya fuska bango. Da safe na tarar yana kokawa da maɓallin rigarsa ta zuwa coci.

Ka gaya mini gaskiya, zai iya shiga kantinka?

Verna

Verna,

Matakala uku ce a ƙofar. Jiya kafinta ya shimfiɗa katako a kansu. Ku zo Talata.

Delbert

Yaya,

Mun iso gida lafiya, ya sha, ya zauna masa. Ya ce in gaya maka: "Tsohon banza, da gangan ka bar ɗacin." Tun Maris bai jera kalmomi masu yawan haka ba.

Sai ranar sha bakwai ga wata. Ya ce kada ka saka sukari.

Ƙanwarka,
Verna