Zanen Baba da Fensir Ya Cinye

Daga ƙauyenmu na kusa da Sinja, ƙasar Sudan
12 ga Rajab, 1388

Zuwa ga Baffana Malam Alhasan, Sabon Birnin Gobir.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga ubansa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Allah ya ja kwananka cikin imani, amin. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, kogi ya fara janyewa, mun yanke riɗi, dawa ma ta kusa. Mahaifiyarmu Inna Yalwa tana nan tana fama da gwiwa, bakin dai lafiyarsa ƙalau. Ƙanwata Sakinatu ta haihu a garin Dindir, namiji, an mayar masa da sunan marigayi Baba.

Baffa, takardarka ta iso ranar Laraba tare da hoton da ka dawo mana da shi. A tsaye na fara karanta ta, wallahi kafin in kai ƙarshe sai da na nemi wurin zama. Ka ce mutumin da ke cikin hoton ba yayanka Mato ba ne. Ka ce yayanka da ya bar gida a ƙafa zuwa Makka shekara arba'in da biyar da suka wuce yana da zanen gidanku a kumatu biyu, wannan kuwa fuskarsa sumul kamar bayan ƙwarya. Ka ce ko dai Alhaji Sambo da muka ba saƙon ya ɓata gida, ko kuma wasu ne ke neman dangi ƙarfi da yaji. Ba zan ɓoye maka ba, da farko raina ya ɓaci. Sai na ɗaga hoton na duba don in ga inda idonka ya gaza, ashe nawa ne ya gaza. Babu zane ko ɗaya. Irin wannan hoton yana rataye a ɗakina wata goma, kullum ina kallonsa ina yi wa Baba addu'a, ban taɓa lura ba. Jikina ya yi sanyi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in gaya maka yadda aka yi. Ƙanena Ɗan'auta, wanda ke kula da injin ban-ruwa na gonakin auduga, shekara uku ke nan da ya sayi tsohuwar kyamara a kasuwar Sinja, tun daga ranar ba mu huta ba. Mutum mai mata da 'ya'ya uku, amma in ya rataya abin nan a wuya sai ka ce yaro ya sami sabuwar riga. Ba ya ɗaukar mutum da tsakar rana, wai rana na rufe ido da inuwa, sai da hantsi ko bayan la'asar. Ya rataya baƙin bargo a bayanka, ya sa matarsa ta riƙe farin zane a gefe don haske ya dawo kan fuska, ya ce ka riƙe numfashi. Har ya koyi shafa launi da ɗan buroshi, ya mai da farar riga shuɗiya, ya kuma cire wa amare ƙuraje. Muna yi masa dariya, muna kuma alfahari da shi a ɓoye.

Baba bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba sai bara, da maganar jinsiyya ta taso, wato takardar zama ɗan ƙasa. An ce mana in babu ita, hawashar da yake nomawa, gonar audugar da muke ci daga gare ta, da wuya ta zauna a hannunmu bayansa. Ya zauna a kan gadon igiya, Ɗan'auta ya ɗauke shi sau ɗaya tak. Da na tsare Ɗan'auta ranar Larabar nan, bai yi musu ba. Ya ce masu duba takarda a birni ba mutum suke gani ba, hoto suke gani, kuma da sun ga irin zanenmu za su ce baƙo ne daga yamma su ture takardar gefe. Shi ne ya ɗauki afrita, haka ake kiran baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, inda fari ke komawa baƙi, baƙi ya koma fari. Ya fere fensir kamar allura, ya kara afritar a hasken taga, ya yi kwana uku yana ɗiga baƙi a kan kowane layi har suka ɓace. Yana ba ni labari yana kuka, amma ko a lokacin na ji alamar yana yaba hannunsa. Saura kaɗan in mare shi, da gemunsa da komai.

Abin da ya fi ci mini rai, Baba yana da yana a ido a ƙarshen rayuwarsa. Da aka miƙa masa hoton ya kai shi kusa da hanci, ya yi murmushi, ya ce a wanke wani a aika wa Alhasan, yaron da ya bari yana kiwon awaki, ya ga yadda yayansa ya tsufa. Bai san fuskar da ya aika maka ba tasa ba ce. Cikin azumi ya rasu, takardar jinsiyyar kuwa har yau ba ta fito ba.

Na ce wa Ɗan'auta ya goge fensirin ya wanke mana hoton gaskiya. Tsoro da gaggawa suka sa ya jiƙa afritar a ruwan ɗumi ya murza da auduga, sai fuskar gaba ɗaya ta saɓule ta bi ruwa, aka bar rawani da riga. Garin neman gira an rasa ido. Da ya ga haka sai ya ce zai iya mayar da zanen da tawada a kan hoton da ke hannunmu, ya tambaye ni layi nawa ne. Baffa, ashe ban sani ba. Na ce bakwai bakwai, shi ya ce yana jin biyar ne. Ni da na yi shekara talatin da takwas ina kallon fuskar nan, ni da na yi mata wankan ƙarshe da hannuna. Mu an haife mu a nan, ba a yi mana zane ba, ba mu kuma taɓa tambaya ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Inna tana gefe tana tsince riɗi a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce shida ne a dama, bakwai a hagu, daga gefen baki zuwa kunne. Ta ce na uku daga sama a hagu bai kai ƙarshe ba, ya tsaya a tsakiyar kunci, domin jaririn ya yi atishawa a hannun wanzami, kakarku kuma ta hana a sake sa aska, shi ya sa a gidanku ake tsokanarsa da Mato mai guntun zane. Ta ce tun ranar farko ta ga abin da aka yi wa hoton, ta yi shiru don tsohon yana murna da shi. Daga nan ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai magariba.

Na hana Ɗan'auta taɓa hoton da tawada, ƙarya ɗaya ta ishe mu. Ga shi na sake sako maka shi yadda yake. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma naka ya yi gaskiya. Ba mu da gado da muke nema a Sabon Birni, ba ma roƙon kowa komai. Baba ya tafi, kai kaɗai ka rage mana a duniya wanda ya san shi tun yana yaro, ya san sunan uwarsa da ƙofar da ya fita. Ka auna maganar Inna. In ka tuna guntun layin nan, ka rubuto mana ko da kalma biyu ce, don in san abin da zan gaya wa jaririn Sakinatu ranar da ya tambaye ni daga ina mai sunansa ya fito.

Ka gaishe mini da Inna Barakatu, da ɗan'uwana Abdussalami da iyalinsa, da Gwaggo Hannatu in Allah ya sa tana raye. Inna Yalwa tana gaishe ka, haka matata Sharifa da yara. Ɗan'auta ya ce in roƙa masa gafararka, ya kasa riƙe alƙalami da kansa. Allah ya sada mu da alheri, in ba a nan ba, a Aljanna.

Wassalam. Ni ne ɗanka, in ka karɓe ni,

Salihu ɗan Mato