Gogen Gidanmu

Morris Heights, Bronx

Baffa Ɗanladi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar? Yaya Inna Kande da yara? Mu nan lafiya lau.

Baffa, tsohon da nake jinya ɗan asalin Ireland ne, gidansu gidan makaɗa kamar namu. Tsufa ya rikita shi, ko sunan 'yarsa ba ya riƙewa. Amma duk Lahadi 'ya'ya da jikoki sukan taru da sarewa da ganga, su miƙa masa gogensa irin na Turawa. Wallahi hannunsa bai manta komai ba! Kowane kiɗa sai sun faɗi wanda ya koya musu.

Ran nan 'yarsa ta ce, "Hadiza, rera mana na gidanku." Ko ɗaya ban iya ba. Ni da nake guduwa in ka ɗauki goge, wai kada a ce mini 'yar maroƙa!

Ka yafe mini. Don Allah ka kaɗa mini kiɗan Kaka, a turo ta waya. Na gaji da zuwa musu hannu rabbana.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

'Yarka,
Hadiza