Kwalbar Noni a Cikin Furar Malam Gado

Zuwa ga Mai Girma Babban Likitan Gundumar Buza
Daga Sufyanu Gado, Tabotaki
20 ga Maris, 2023

Game da: wani mai tallar maganin noni a kasuwarmu

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman izinin kawo kuka kamar haka:

1. Ranar 2 ga Fabrairu, wani mutum mai suna Mahamud ya iso kasuwarmu da mato da amsa-kuwwa da farar riga. Yana kiran kansa dokta. Rigar dai na gani.

2. Yana sayar da wani baƙin ruwa mai suna noni. A faɗarsa yana maganin tansiyo, wato hawan jini, suga, basir, mantuwa da rashin haihuwa. Talauci kaɗai ya bari, ƙila sai zuwa na gaba.

3. Mahaifina Malam Gado, mai shekara saba'in, kunnensa ya yi nauyi. Da aka ce noni, shi nono ya ji. Ya tambaya ko nonon raƙumi ne. Dokta bai gyara masa ba, ya ma ƙara da cewa na ƙasashen teku ne.

4. Tun ranar 3 ga Fabrairu, ƙanwata Mardiya ke dama masa fura da shi. Warinsa ya kori kajin gidanmu daga gindin turmi. Tsoho ya ce ai nono in bai yi tsami ba, ba nono ba ne.

5. Ranar 9 ga Fabrairu ya ajiye ƙwayoyin tansiyo da Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya rubuta masa. Hujjarsa, wanda ya samu abin da ya fito daga dabba mai albarka ba ya buƙatar allin Nasara.

6. Ban ci jarrabawar burebe ta sakandare ba, amma ina karatu. Na duba a wayar salula. Noni ɗan itace ne, ba ya da uwa mai ƙafa huɗu. Can inda yake fitowa, mutanen zamanin da suna ɗora ganyensa a kan kumburi, na yanzu suna matse ruwansa su zuba a kwalba. Ban ga inda aka ce a bar magani saboda shi ba.

7. Ranar 17 ga Maris buta ta kuɓuce wa tsoho daga hannunsa na hagu yana alwala. Sau biyu. Ya ce santsi ne.

Saboda haka nake roƙo, cikin ƙanƙan da kai, a binciki takardun wannan dokta kafin kasuwa mai zuwa, in akwai su. A kuma umarci Majo ya zo gidanmu ya auna tsoho, ya gaya masa da bakinsa, da ƙarfi, ta kunnen dama.

Ni ɗa ne, ranka ya daɗe. Ban iya duban idon mahaifina in ce masa an cuce shi. Ku kuna iyawa. Ina roƙo kada ya wuce wannan mako.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Mai biyayya gare ku,
Sufyanu Gado